Fitilun Allon Mitar Mota Na Ƙyaftawa Da Safe: Laifin Kafasita Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata mai fetur ce, ta kai shekara 17. Kwanan nan idan na tayar da ita da safe, sai fitilar batir da ta baƙin mai da ta ABS da ta jakar iska su riƙa ƙyaftawa tare, allurar gudu da ta mai su faɗi ƙasa su sake tashi. Injin kuwa ko muryarsa ba ta canzawa. In ta yi kamar minti 15 a kunne sai komai ya koma daidai. Na sa sabon batir, ba ta canza zani ba. Wani mai gyaran waya ya ce kafasitocin cikin allon mita ne suka mutu, wani kuma ya ce in sayi wani allon gaba ɗaya. Ina da maltimita, kuma na iya liƙi da dalma daidai gwargwado. Ƙaramin abu kamar kafasita zai iya wannan aika-aika? Yaya zan gwada? Kuma zan iya ci gaba da hawan motar a haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai gyaran farko yana kan hanya, amma har yanzu zato ne, ba a tabbatar ba. Abu uku ne a bayaninka suke nuna cikin allon mita: fitilun da ba su da alaƙa da juna suna kamawa lokaci guda, allurai suna faɗuwa su tashi tare da su, kuma matsalar ta sanyi ce, zafi na korar ta. Ba zai yiwu altaneta mai cajin batir da famfon baƙin mai da birki da jakar iska su lalace a daƙiƙa ɗaya sannan su warke tare ba. Abin da ya haɗa su shi ne allon da ke nuna su, da wutar da ke shiga allon.

Kafin komai, fitilar baƙin mai. A duba ma'aunin man a tabbata ya kai. Idan akwai lokacin da fitilar take kamawa ita kaɗai, musamman bayan injin ya yi zafi yana silo, a kashe shi nan take, maganar kafasita ta ƙare. Suwic ɗin da ke kunna ta yana aiki ne idan ƙarfin turin mai ya faɗi zuwa wajen 0.3 ko 0.5 a ma'aunin bar, kuma a wannan matakin injin yana cin kansa. Sai an cire suwic ɗin an ɗaura agogon auna turin mai a gurbinsa za a san gaskiya.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Wutar mota sunanta 12V, amma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Lokacin tayar da inji takan sauka zuwa wajen 10V, fankar lagireto da kwamfiresan AC da abin share gilashi kuma kowanne yana fizgar nasa idan ya kama. A bayan allon mita akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai aiki da 5V, wasu 3.3V, wadda ba ta jure wannan hawa da sauka. Saboda haka aka sa regileta mai rage wutar, aka sa kafasita gabanta da bayanta. Aikinsu kamar na ƙaramin tankin ruwa ne a gidan da famfo ke yankewa: ruwan ya ɗauke na ɗan lokaci, na ciki ba su sani ba. Idan kafasitocin suka gaji, wuta ta ɗan yi ƙasa ko da na ƙiftawar ido ne, sai ƙwaƙwalwar ta mutu ta sake tashi. Duk lokacin da ta tashi kuwa sai ta yi abin da take yi idan an murɗa makulli: ta kunna fitilu duka don gwaji, ta mayar da allurai sifili. Wato abin da kake kira ƙyaftawa, allon ne ke ta farawa daga farko. Injin bai damu ba domin tasa ƙwaƙwalwar dabam ce.

Waɗanda ke gajiya su ne masu siffar ƙaramin gwangwani, masu ruwan sinadari a ciki. Ruwan yana tsiyayewa a hankali ta robar da ta toshe ƙasan gwangwanin, zafi kuma na hanzarta shi. Na gama-gari ana yi masa alkawarin awa 2,000 a digiri 105, kuma ƙa'idar da masu ƙera su ke bi ita ce duk ragin digiri 10 yana ninka ransa. A digiri 65 ke nan zai kai wajen awa 32,000. Da yawa ne a ido, amma allon mita yana ƙarƙashin gilashin gaba, yana shan rana ko motar a kashe take, ga zafin fitilun ciki da na regileta. Shekara 17 ta isa. Idan ruwan ya ragu, tirjiyar cikin kafasitan, wadda ake kira ESR, sai ta hau, ya zama ba ya iya sakin wuta da sauri a lokacin da ake bukata. Sanyi yana ƙara wannan tirjiya, ɗumi yana rage ta. Shi ya sa motarka ke warkewa bayan minti 15.

Sai dai akwai wani mai laifin da ke yin irin wannan hali sak: dalmar da ta tsage a ƙafar soket ko ta regileta. Da sanyi tsagar ta buɗe, da zafi ƙarfen ya kumbura ta haɗe. Da safe, yayin da fitilun ke haukarsu, ka bubbugi saman allon da tafin hannu. Idan bugun yana jawo matsalar ko yana tsayar da ita, dalma ce ko soket. Kafasitan da ya bushe ba ruwansa da bugu.

Kada a taɓa sukundireba tukuna. Galibin allunan da ake buɗewa a banza, matsalarsu a waje take, kuma maltimitarka ta isa ta raba gardama. Da safe kafin a tayar da mota, batir ya nuna 12.4V zuwa 12.6V. Lokacin da ake murɗa makulli kada ya sauka ƙasa da 9.6V. Injin na aiki, a ga tsakanin 13.8V da 14.5V. Sabon batir bai wanke altaneta ba. A cikinta akwai dayod aƙalla 6 masu daidaita wutar, kuma idan ɗaya ya mutu tana iya ci gaba da nuna 14V alhali wutar da take bayarwa tana rawa. A mayar da maltimita kan AC, wato wajen auna wuta mai rawa, a sa jan tsinke a babban notin bayan altaneta, baƙi a jikinta, a kunna manyan fitilu da fankar ciki, a ɗaga injin zuwa juyi 2,000 a minti. Ƙasa da 0.1V lafiya lau. Idan ya doshi 0.5V dayod ya tafi. Wasu ƙananan maltimita za su nuna maka wajen 30V a wannan gwaji. Ba motar ba ce, na'urar ce ba ta iya raba AC da DC, sai a nemi wata. Wannan gwaji yana da muhimmanci ko da kafasitan ne ya mutu, domin wuta mai rawa ita ke dafa shi daga ciki, kuma sabon da za a sa ma ba zai daɗe ba.

Sai at, wato hanyar da wuta ke komawa mainos na batir ta ƙarfen jikin mota. Injin na aiki, fitilu a kunne, maltimita a kan DC: tsinke ɗaya a kan mainos na batir, ɗayan a jikin inji, sannan a jikin mota. Kada ya wuce 0.2V. Yawancin alluna suna samun at ɗinsu daga noti guda da aka ɗaure a ƙarfen bayan dashbod ko kusa da ƙafar direba. Idan ya yi tsatsa ko ya saki, wuta takan nemi hanyar komawa ta cikin wasu fitilun, sai ka ga an kunna sigina fitilar wani abu tana amsawa. A kwance shi, a goge har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure. A zare fiyus ɗin allon a duba ƙafafunsa, kuma da injin a kunne a ɗan girgiza makullin a raminsa. Suwic ɗin makulli da ya cinye yana yanke wutar allon ba tare da ya kashe inji ba, don layukansu ba ɗaya ba ne.

Idan za ka samu na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota, wadda ke shiga dukkan sassa ba inji kaɗai ba, za ta rage maka wahala. Lambar P0562 tana nufin wutar motar gaba ɗaya ta yi ƙasa, a koma kan altaneta da wayoyi. Lambar U0155 kuwa, idan ta bayyana a ƙwaƙwalwar inji ko ta ABS, tana nufin sun daina jin allon mita, kuma wannan shaida ce mai ƙarfi a kansa. Haka idan na'urar tana nuna juyin inji bai canza ba alhali allurar da ke gabanka ta faɗi.

Gwaji na ƙarshe kafin buɗewa shi ne mafi arha. A kwance allon a jawo shi waje kaɗan, soket ɗinsa na jone. Da safe, kafin a taɓa makulli, a hura wa bayansa iskar na'urar busar da gashi na minti 2 ko 3, daga nesa kaɗan, ya yi ɗumi ba ya yi zafi ba. Sannan a tayar. Idan ranar fitilun ba su yi motsi ba alhali duk sauran motar a sanyaye take, laifin yana cikin allon, babu sauran shakka.

Wajen cirewa, a fara da mainos na batir, a jira minti 10 domin wutar da sashen jakar iska ke ajiyewa ta ƙare. Duk waya ko soket mai launin ɗorawa a ƙarƙashin sitiyari ta jakar iska ce, kada tsinken maltimita ya kusance ta. Kada kuma a murɗa makulli alhali allon ba ya jone, don wasu motocin za su ajiye lambar laifi da sai na'ura za ta goge. A yawancin alluna ana isa bayan bod ɗin, wato farantin da aka liƙa kayan lantarkin a kai, ba tare da an cire allurai ba, kuma in hakan zai yiwu a bar su. In ya zama dole, a tura kowace a hankali zuwa inda take tsayawa a ƙasa, a manna tef a yi alama, a ɗauki hoto, sannan a ɗaga ta da cokali biyu, ɗaya ta kowane gefe, da takarda a ƙarƙashi don kada fuskar ta karce. Allurar da aka fizga da yatsa takan taho da sandar ɗan injin da ke juya ta.

Ka duba da haske mai kyau da gilashin ƙara girma. Kan gwangwanin ya zama shafaffe. Idan ya ɗan tasa, ya mutu. Haka idan robar ƙasansa ta leƙo, ko ya karkace, ko akwai busasshen abu ruwan ƙasa a gindinsa. Wani lokaci alamar a jikin bod take: ɗan danshi mai sheƙi, ƙafafun maƙwabtansa sun yi kore, dalma ta yi toka-toka ta ƙi narkewa. Idan ƙarfen dalma ya taɓa wurin ka ji ƙarni irin na kifi, ruwan ya zube. An san ƙananan gwangwanayen da ake mannawa a saman bod, musamman na shekarun 1990, da wannan hali. Amma kada ido ya ruɗe ka. Ƙanana irin 10µF da 22µF da 47µF (µF shi ne ma'aunin girman kafasita) sukan bushe ƙarƙaf suna nan tsaf kamar yau aka sa su, kuma su ne suka fi yawan laifi.

Awo iri biyu ne, kuma mutane sun fi yin wanda bai fi amfani ba. Idan maltimitarka tana auna µF, sai an ɗaga ƙafa ɗaya daga bod, an sauke wutar da ke ciki, sannan a auna. Ana yafe masa kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato mai 100µF da ya nuna 80 zuwa 120 bai fita layi ba. Matsalar ita ce kafasita na iya nuna 95µF alhali ESR ɗinsa ya ninka sau goma, kuma ESR ɗin ne ke kashe allon. Na'urar auna ESR tana gwaji ne da ƙaramar wuta mai juyi 100kHz wadda ba ta isa ta tayar da sauran kayan bod ba, shi ya sa ake iya aunawa ba a cire ba. A ƙiyasce, mai 1000µF ya kasance ƙasa da om 0.1 (om shi ne ma'aunin tirjiya), mai 220µF zuwa 470µF wajen 0.1 zuwa 0.3, mai 100µF kada ya wuce 0.5 sosai, mai 10µF kuma om 1 zuwa 3 ba laifi. Abin da ya fi tebur shi ne a auna sabo irinsa a kwatanta. In tsohon ya ninka shi biyu ko uku, a cire. Tarko biyu ne a nan. Idan kafasita biyu suna layi ɗaya, mai lafiyar zai rufa wa mataccen asiri, sai an ɗaga ƙafa. Kuma adadin da ya yi kusa da sifili fiye da kima yana iya zama shot ne, wato ƙafafun biyu sun haɗe kai tsaye, sai a mayar da maltimita kan om a tabbatar.

A ganinmu, a allon da ya kai wannan shekaru, bin su ɗaya-ɗaya ɓata lokaci ne. Galibi ba su da yawa, shekarunsu ɗaya, zafi ɗaya suka sha. Tunda an riga an buɗe, a canza masu ruwan duka.

Akwai wasu iri biyu a kan bod ɗin da ba a canzawa sai da dalili. Ƙananan masu launin ƙasa-ƙasa marasa rubutu na yumɓu ne, ba sa bushewa, amma sukan tsage idan bod ya lanƙwashe, su yi shot. Masu kusurwa huɗu, rawaya ko baƙi, na tantalam ne, su ma shot suke yi idan za su mutu. Alamarsu dabam ce da taka: fiyus na ƙonewa, ko allon ya mutu murus, ko batir ya wayi gari a ƙasa saboda wani abu na jan wuta fiye da 50mA bayan an kulle mota. A kula da wannan sosai: layin da ke jikin gwangwani, da baƙin fentin da ke kan wanda ake mannawa, suna nuna ƙafar mainos ne. Layin da ke kan na tantalam kuwa fulos yake nunawa. Wanda ya juya su zai ji ƙara.

Wajen sayen sabo, µF ya zama daidai da na tsohon. Ƙarfin wutar da aka rubuta ya zama daidai ko sama, ba ƙasa ba. Wanda ke layin 12V kada ya gaza 25V, kuma in wuri zai ɗauka 35V ya fi, don wutar mota takan yi tsalle. A nemi mai digiri 105, ko 125 in an samu, a bar mai 85. A auna tsawo da kauri, domin da yawa sai an gama liƙi murfin ya ƙi rufuwa. Kada a ce za a yi wa allon gata a sa 2200µF a gurbin 220µF, kuma kada a musanya tantalam na bayan regileta da na yumɓu. Wasu regiletocin suna bukatar ESR ɗin ya kasance cikin wani iyaka, in ya fita sai wutarsu ta riƙa rawa. A auna kowane sabo kafin a sa shi, jabu sun yi yawa. Wanda aka ciro daga matacciyar rediyo kuwa ba sabo ba ne.

A ɗauki hoton bod kafin a cire ko ɗaya, a riƙa cirewa ana mayarwa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfen dalma ya kasance wajen digiri 350. A fara ƙara sabuwar dalma da man liƙi a kan tsohuwar, ita ke sa ta narke da wuri, sannan a tsotse. Kada ƙarfen ya wuce daƙiƙa 3 zuwa 4 a wuri ɗaya. Ƙafar mainos takan yi gardama saboda faffaɗan tagullar da take kai yana shanye zafi; a ba ta lokaci, kada a ja da ƙarfi, don ramin da ƙafar ke ciki yana da rufin tagulla mai haɗa sama da ƙasan bod, in ya taho an sayi sabon aiki. Masu mannuwa a sama ana ɗaga su da iska mai zafi ko ƙarfe biyu a lokaci guda. Murɗe su da filaya, kamar yadda wasu ke yi, yana ɓanɓaro tagullar, balle inda ruwa ya riga ya ci. Duk inda ruwa ya zuba a wanke da sinadarin aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko sama da tsohon buroshin haƙori, ba da fetur ko tina ba. In an bar shi zai ci gaba da cin layukan a ƙarƙashin sabon kafasitan. Bayan ya bushe a bi layukan wurin da ƙarar maltimita, wanda ya yanke a haɗa shi da siririyar waya. Sannan a sake narkar da dalmar dukkan ƙafafun soket, da na regileta, da na manyan razistoci masu tirjiya ga wuta, ko ba a ga tsaga ba.

Ga masu irin wannan matsala da fitila ɗaya tak, lissafin ya bambanta. A tsofaffin motoci akan haɗa razista da kafasita don jinkirta fitila, kamar ta bel ko ta ƙarewar mai. Razista mai om 100,000 da kafasita mai 47µF suna ba da jinkirin wajen daƙiƙa 4.7, idan kafasitan ya bushe jinkirin ya gajarce, sai fitilar mai ta riƙa kamawa a kowace kwana. Fitilar batir da ke ci dishi-dishi kuwa kusan ba ta taɓa zama laifin kafasita. Gefenta ɗaya yana kan wutar makulli, ɗayan yana kan altaneta, kuma tana ci ne idan gefen biyu suka bambanta. Dayod ne, ko waya mai tsatsa, ko an cire ƙwan fitila na asali an sa LED.

Sayen wani allon shi ne zaɓi na ƙarshe. Na hannu shekarunsa ɗaya da naka, kafasitocinsa ma haka. Adadin kilomitar da motar ta yi yana ajiye ne a cikin allon a motoci da yawa, a wasu kuma har tsarin gane makulli yana ciki, ta yadda motar ba za ta tashi ba sai an haɗa su da kwamfuta. Ya zama dole ne kawai idan ruwan ya ci layuka har ƙarƙashin ƙwaƙwalwar, ko an canza komai 5V ɗin ta tsaya daram amma allon bai daina mutuwa ba. A nan sai a nemi mai lamba iri ɗaya da wadda ke manne a bayan naka.

Game da hawa: idan ma'aunin baƙin mai ya cika, caji ya nuna daidai, birki na kamawa yadda ya saba, kana iya zirga-zirgar kusa kafin a gyara. Doguwar tafiya kuwa a'a, domin a yanzu in mai ya zube ko injin ya ɗau zafi da gaske, ba ka da mai gaya maka. Bayan gyara, kada a ɗaure allon sai ya kwana ya wuce gwajin safiya biyu ko uku. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a ƙirga fitilun: ta batir da ta baƙin mai da ta inji su tsaya a kunne har sai injin ya tashi, ta ABS da ta jakar iska su ɗauke da kansu bayan daƙiƙoƙi kaɗan. Wadda ta ƙi kamawa sam, a duba ƙwanta ko soket. Wadda ta ƙi ɗaukewa, a sa na'ura a goge tsofaffin lambobi, in ta dawo a bi sashen da take nunawa.